Neman malamin taici a karkara: tambayoyin da ake yawan yi mini da amsoshinsu

Tun da muka fara ɗan motsa jikin nan a filin firamaren garinmu, bayan an idar da sallar asuba gari ya ɗan yi haske, tambayoyi ba su yanke mini ba. Wani a bakin masallaci zai tare ni, wani a kasuwar Wudil ranar Juma'a, wani kuma mahaifiyarsa ce ta aiko shi. Na yi shekaru ina koyar da darasin motsa jiki a sakandare kafin in yi ritaya, ciwon gwiwa ne kuma ya kai ni ga taici lokacin da aiki ya ajiye ni a birni. Na zauna gaban malami na ƙwarai, kafin shi kuma na faɗa hannun wanda ba malami ba ne, har yau gwiwata ta hagu tana tuna mini da shi idan sanyi ya shigo. Shi ya sa na tattara tambayoyin nan wuri guda.

Malam, shi taicin nan mene ne? Kokawar 'yan Caina ce irin ta fim?

Asalinsa dabarar faɗa ce, amma ba tsalle-tsallen da kuke gani a gidan kallo ba. Motsi ne a hankali, jiki a sake, ana sauya nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan, hannuwa suna bin ƙugu, numfashi yana tafiya yadda ya saba. Tarihin da ya fi inganci ya danganta shi da ƙauyen zuriyar Chen da ke lardin Henan a ƙasar Sin, da wani tsohon soja mai suna Chen Wangting da ya rayu a ƙarni na 17. Daga wannan ƙauye wani mutum mai suna Yang Luchan, wanda aka haifa a 1799 ya rasu a 1872, ya ɗauko ilimin ya kai shi birnin Bejin. Yau manyan gidajen taici biyar ne: Chen, Yang, Sun, da gidaje biyu da dukansu ake rubuta sunansu Wu. A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana. Idan za ku neme shi a waya, ku rubuta Tai Chi ko Taiji, duka abu ɗaya ne.

Abin da ya ja hankalina tun farko shi ne, abin daga ƙauye ya fito, a hannun manoma. Ba ya buƙatar inji ko wutar lantarki. Fili mai faɗin tabarma biyu ya wadatar.

Baba ya fara tangaɗi, sau biyu yana faɗuwa a wajen alwala. Da gaske wannan abin zai taimake shi?

Wannan tambayar ita ce ta fi taɓa mini zuciya, domin Baffana, ƙanin mahaifina, a haka ya tafi. Ya miƙe daga kan dutsen alwala da buta a hannu, ƙafa ɗaya ta goce a kan laka, ƙashin ƙugu ya karye. An yi ɗori, an kai asibiti daga baya, amma bai ƙara takawa ba.

Abin da masu bincike suka fi tabbatarwa game da taici shi ne wannan: yana rage faɗuwar tsofaffi. A 2018 an wallafa wani gwaji da Fuzhong Li da abokan aikinsa suka yi a jihar Oregon ta Amurka, a kan mutum 670 masu shekara 70 zuwa sama. Waɗanda suka yi taici sau biyu a mako na tsawon mako 24, faɗuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari idan aka gwada da waɗanda miƙa kawai aka sa su yi. A 2016 kuma wani gwaji a birnin Boston a kan mutum 204 masu ciwon gwiwa na zaizayewar gaɓa ya nuna cewa sauƙin da masu taici suka samu ya yi daidai da na waɗanda aka yi wa gashi a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar duk wanda ya kai shekara 65 ya riƙa motsa jikin da ke ƙarfafa tsayuwa aƙalla kwana uku a mako.

Amma ku lura da abu ɗaya. Duk gwaje-gwajen nan, malamai horarru ne suka koyar. Amfanin yana tafe ne da hannun da ya koyar. Idan kuka kai Baba wurin wanda zai sa shi tsugunno mai zurfi ko tsayuwa da ƙafa ɗaya a ranar farko, kun kai shi wurin faɗuwa ta uku.

To idan na sami wanda ya ce shi malami ne, me zan fara tambayarsa?

Tambayar da kuka saba yi wa duk baƙon malamin da ya sauka a gari ya ce zai buɗe makaranta: a wajen wa ka yi karatu?

Mu mutanen tsangaya da zaure ba baƙi ba ne ga wannan. Mun san almajiri ba ya zama alaramma don ya ce shi alaramma ne, sai an san gaban wanda ya durƙusa, shekara nawa ya yi, wa ya ba shi izini. Sinawa ma haka suke riƙe da taici. Yang Luchan a wajen Chen Changxing ya koya. Jikan Yang Luchan, wato Yang Chengfu, wanda ya rasu a 1936, shi ya daidaita salon Yang da aka fi yi a duniya yau, ɗalibansa kuma sanannu ne, ɗaliban ɗalibansa ma haka. Malami na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, daɗinta ma yake ji. Zai gaya muku sunan malaminsa, garin da ya koya, salon gidan da yake bi, da shekarun da ya yi.

Sai ku ƙara masa da waɗannan, cikin ladabi. Har yanzu kana da wanda yake duba ka yana yi maka gyara? Kai kanka kana yi kullum? Ka taɓa koyar da tsofaffi ko marasa lafiya? Idan ɗalibi ya yanke jiki ya faɗi, me za ka yi?

Amsar da ta fi kwantar mini da hankali ita ce ta wanda zai ce: "Abin da na iya ke nan, jerin motsi 24 na salon Yang, shekara kaza nake yinsa, wane ne ya koya mini, abin da ya wuce nan ban kai ba." Malamin da ya koya mini haka yake magana. Ranar da na tambaye shi game da salon Chen, cewa ya yi ya gani ana yi amma bai koya ba, ba zai koya mini abin da bai karɓa daga hannu ba. Wanda kuwa ya ce duk gidajen biyar a kansa suke, ga kungufu ga karate ga maganin basir, yana da shekara ashirin da biyar, ku yi masa sallama.

Ya nuna mini takardar shaida an manne ta da leda, har da baƙin bel. Bai isa ba?

Bai isa ba. Taici na gargajiya ba shi da bel kwata-kwata, bel al'adar judo da karate ce ta Japan da takwando ta Koriya. Mai baƙin bel a karate na iya zama gwani a fanninsa, amma wannan bai ce komai game da taicinsa ba.

Takarda kuwa iri-iri ce. Ƙungiyar wushu, wato wasannin faɗa na Sinawa, ta ƙasar Sin tana da tsarin matakai tara da ta fito da shi a 1998. Akwai kuma takardun shirye-shiryen lafiya, kamar na Dokta Paul Lam, likita ɗan Ostireliya da ya tsara taici na masu ciwon gaɓoɓi, wanda ake sabunta shaidarsa lokaci-lokaci. Waɗannan suna da daraja, ana kuma iya bincika su. Amma babu wata hukuma guda a duniya da ke ba kowa lasisin koyar da taici, kuma duk wanda ya san shagon kwamfuta a bakin tasha ya san yadda ake buga takarda mai tambari. Ku karanta ta: wa ya bayar, yaushe, kwana nawa aka yi ana horon. Kwas na kwana biyu yana iya koya wa ma'aikacin lafiya yadda zai jagoranci ƴan motsi kaɗan lafiya lau, wannan abu ne mai kyau, matuƙar ya faɗi gaskiyar cewa iyakarsa ke nan.

Akwai ɗan Caina da ke aiki a kamfanin da ke kusa da mu. Ba sai mu roƙe shi ba?

Kowane Bahaushe ne ɗan dambe? Ku tambaye shi, ba laifi, wataƙila ya iya, wataƙila ya san wanda ya iya. Amma tambayoyin da na lissafa a sama shi ma su za ku yi masa.

Idan na je kallon ajinsa, me zan sa wa ido?

Da farko dai ku je ɗin. Gani ya kori ji, kuma malamin da ya hana ku zama gefe ku kalli darasi guda kafin ku biya, ya riga ya ba ku amsa.

Kada idonku ya tsaya a kan malamin. Kowa yana iya yin kyau idan shi kaɗai yake juyi. Ku nemi ɗalibin da ya fi kowa rauni a wurin, tsohon nan mai sanda ko mai ƙiba da ke haki a baya, ku ga yadda ake yi da shi. An ajiye masa benci ko kujera kusa? An ce ya tsaya jikin bango ya dafa? Malam yana zagayowa wurinsa, ko ya tsaya can gaba ya juya wa mutane ƙeya yana ta yin nasa?

Sannan ku duba gwiwoyi. A nan ake gane komai. Ƙa'idar ita ce gwiwa ta fuskanci inda yatsun ƙafa suka fuskanta, kada ta karkata ciki, kada kuma ta zarce yatsun da nisa. Idan za a juya, sai an ɗauke nauyi daga ƙafar tukuna, a juya ta a kan diddige, sannan a mayar mata da nauyi. Wanda ya murɗa jiki alhali nauyinsa duka yana kan ƙafar da ke dafe da ƙasa, gwiwarsa yake matsewa kamar wanki. Ni abin da ya same ni ke nan. Mutumin da na fara zuwa wurinsa ya sa mu muna sauka ƙasa sosai don a ganinsa hakan ne ƙwarewa, in na ce gwiwa tana zafi ya ce ciwon ne ke fita. Wata biyu na yi, gwiwa ta kumbura, sujada ma sai da na koma yi a kujera na wani lokaci. Da na je wurin malami na biyu, bai bar ni na yi komai ba a makon farko sai tafiya. Ya tsuguna a gabana, ya ɗora yatsa biyu a kan ƙoƙon gwiwata, ya ce in taka. Duk lokacin da ta karkata ciki sai ya ɗan tura ta waje ya ce, "Nan ne gidanta."

Tafiyar taici kuwa kun san ta, ba ku dai san sunanta ba. Wanda ya taɓa tsallaka rafi da damina ya san ba a jefa ƙafa haka kawai. Sai ka miƙa ta a hankali, nauyinka yana kan ta baya, ka taɓa ƙasan ka ji ko laka ce ko tsandauri, sannan ka bi ta da jiki. Tsayuwar kuma irin ta yarinyar da ta ɗauko tulu daga rijiya ce: kai a miƙe, kafaɗu a sake, ƙugu ne ke aiki. Malamin da ya san abin zai iya bayyana muku shi da irin wannan magana mai sauƙi. Wanda bai sani ba sai ya ɓuya a bayan kalmomin Sinanci.

Ƙananan abubuwa ma suna magana. An fara da ɗumama jiki? An share filin daga tsakuwa da ƙaya? Ya tambayi sabon zuwa ko yana da wata larura kafin ya sa shi a layi? Yana neman izini kafin ya taɓa mutum don gyara? Motsi nawa ya koyar a zama ɗaya? Ɗaya ko biyu, a maimaita su har su zauna, shi ne daidai. Jerin 24 ɗin nan da hukumar wasannin ƙasar Sin ta tsara a 1956 don saukaka wa jama'a, minti shida ake yinsa, amma koyonsa watanni yake ci.

Ta yaya zan gane mayaudari?

Da alkawarinsa. Kun san masu mota da lasifika a kasuwar Maigatari ko ta Dambatta, maganin ƙulli ɗaya ya warkar da cuta arba'in. Idan malamin taici ya fara irin wannan harshe, ya ce zai raba ku da ciwon suga ko hawan jini, ko ya ce ku ajiye ƙwayoyin asibiti, wannan ba kuskure ba ne kawai, ganganci ne da ran mutane. Taici na iya taimaka wa mai hawan jini kamar yadda tafiya da rage gishiri ke taimakawa. Ba ya maye gurbin magani, kuma likita ne kaɗai zai rage ko ya canza.

Na biyu, da'awar ƙarfin ɓoye. Za ku ga bidiyo a waya, dattijo ya ɗaga hannu, samari suna zubewa ba tare da ya taɓa su ba. Yaransa ne suke zubewa, baƙo ba ya zubewa. A 2017 a birnin Chengdu, wani ɗan damben zamani mai suna Xu Xiaodong ya kara da wani da ke kiran kansa gwanin taici, wanda har an taɓa nuna shi a talabijin. Ba a yi rabin minti ba gwanin yana ƙasa. Sinawa da kansu sun yi ta muhawara a kan masu irin wannan da'awa. Mu da muka san wasan ƴan tauri bai kamata a ruɗe mu da wannan ba.

Na uku, wanda ke hana tambaya, yana zagin sauran malamai, yana cewa akwai sirrin da sai an ƙara kuɗi zai buɗe. Na huɗu, wanda ke son keɓewa da ɗalibi, musamman mace ko yaro.

Malam, ba shirka a ciki? Na ji an ce addininsu ne.

Tambaya ce mai kyau, kuma ba na son a yi mata amsar wasa. Gaskiya ne tunanin da ke bayan taici ya fito daga falsafar Sinawa ta dā, kalmar taici kanta daga can take, kuma suna maganar wani abu da suke kira ci, wanda suke fassarawa da ƙarfin rai da ke zagaya jiki. Amma motsin kansa ba ibada ba ne. Babu abin da ake karantawa, babu wanda ake kira, babu alƙibla. Sunayen motsin ma daga dabbobi da yanayi aka ɗauko su: raba gezar doki, farin zalɓe ya buɗe fiffike, hannuwa kamar gajimare, zakara ya tsaya da ƙafa ɗaya. A ƙasar Sin akwai Musulmi miliyoyi, ƙabilar Hui, waɗanda suka shahara da wasannin faɗa na gargajiya tun ƙarnoni.

Inda za ku sa ido shi ne abin da malamin ya ɗora a kai. Idan akwai rusunawa ga hoto ko gunki, ko kunna turare don wani mamaci, ko wasu kalmomi da za a ce ku maimaita ba ku san ma'anarsu ba, ku ce ba za ku yi ba. Malamin kirki ba zai tilasta muku ba, domin ba su ne taicin ba. Gaisuwarsu ta dunƙule hannu ɗaya a rufe shi da tafin ɗaya ce, mu a filinmu sallama muke yi mu fara da bisimilla. Kafin mu soma, na je na sami limamin garinmu, na yi motsin a gabansa daga farko har ƙarshe, na amsa tambayoyinsa. Ina ba kowa shawarar ya yi haka da malamin da ya amince da iliminsa, ya nuna masa abin da idonsa, kada ya tsaya ga ba shi labari.

Mu mata fa? Hajiyarmu ce ke fama da gwiwa, kuma ba za ta fita fili ba.

Ba sai ta fita ba, ranki ya daɗe. Tsakar gida ya isa, kuma ana yi da zane da hijabi, in dai zanen bai matse taku ba kuma bai ja ƙasa. Iyayenmu mata su suka fi buƙatar abin nan, domin ƙashinsu ya fi saurin yin rauni bayan al'ada ta ɗauke, ga shekarun daka da surfe da tsugunno gaban murhu.

Malama mace ita ce mafita, samunta kuwa sai an tashi tsaye. Hanyar da na ga ta yi aiki ita ce a zaɓi mace ɗaya ko biyu masu ƙwazo, malamar Islamiyya ko ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, su koya sosai tare da muharraminsu a wurin, sannan su kai wa sauran cikin gida. Akwai wani sashe na taici da mutum biyu ke haɗa hannu suna tura juna a hankali. Wannan mace da mace ne, namiji da namiji, kuma mai neman lafiyar gwiwa ba ya ma buƙatarsa. Mai juna biyu ta fara tambaya a wajen awo.

Wane salo ya fi dacewa da dattijo?

Yang ko Sun. Salon Sun, na Sun Lutang da ya rasu a 1933, tsayuwarsa a sama take, takunsa gajere, ƙafar baya tana biyo ta gaba, shi ya sa aka gina shirin masu ciwon gaɓoɓi a kansa. Salon Chen yana da saukowa ƙasa da buga ƙafa da motsin bazata, ya fi dacewa da matasa. Amma malami nagari mai salon Chen ya fi malamin banza mai salon Sun, domin nagarin zai rage abin ya daidaita shi da jikin Baba.

Ina da hawan jini, yayana kuma ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Mu fara?

Ku fara da asibiti. Mai ciwon zuciya, mai jiri, mai suga da ƙafarsa ta daina jin taɓi, wanda aka yi wa aiki kwanan nan, wanda ya taɓa shanyewa, duk su ji ta bakin likita tukuna. Masu gashin ƙashi su suka fi kowa sanin wane motsi ne jikin mutum zai ɗauka. Akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, a Jigawa kuma akwai a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse da na tarayya da ke Birnin Kudu. Ku nuna musu bidiyon motsin a waya, ku ce wanne zan yi, wanne zan bari. Abin da suka faɗa ku kai wa malamin. Idan ya karɓa ya yi aiki da shi, alama ce mai kyau. Idan ya ce likitoci ba su san komai ba, kun gane shi.

A lokacin darasi kuma, gajiyar cinya da ɗan tsamin jiki washegari ba komai ba ne. Zafi mai suka a cikin gaɓa, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko ganin duhu-duhu, a tsaya nan take a zauna.

A ina ma za a samo malamin? Mu nan ko mai koyar da ƙwallo ba mu da shi.

Ba zan ɓoye muku ba, malaman taici kaɗan ne a ƙasar nan, a karkara kuwa sai an tona. Wuraren da ake koyar da harshe da al'adun Sinawa su ne farkon inda za a yi tambaya: cibiyar al'adun ƙasar Sin da ke Abuja, da cibiyoyin Konfushiyas na Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka. Kusa da gida kuma, ku tambayi masu horar da wasannin faɗa a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, da malaman sashen motsa jiki na Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi irin ta Gumel. Ko ba su koyarwa, sun san juna. Ɗaliban da suka yi karatu a ƙasar Sin suka dawo su ma a tambaye su, domin jami'o'in can da yawa suna koyar da jerin 24 a darasin motsa jiki. Matambayi ba ya ɓata.

Ba dole malamin ya tare a garinku ba. Mu abin da muke yi, duk bayan ƴan makonni wanda ya fi mu sani yana zuwa ya kwana biyu, ya duba kowa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara mana motsi ɗaya, ya tafi. Tsakanin zuwansa muna maimaita abin da ya bari, ba ma ƙara komai daga kanmu.

Ba zan iya koya daga YouTube ba kawai?

Za ku iya haddace jerin motsin. Abin da waya ba za ta yi ba shi ne ta ga gwiwarku. Kamar mai koyon karatu daga kaset ne, zai kwaikwayi murya, amma babu mai tsayar da shi ya ce wannan harafin ba daga nan yake fita ba. Idan babu yadda za a yi, ku zaɓi malami ɗaya mai koyar da tsofaffi a hankali, ku tsaya a kansa, kada ku yi ta tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan. Ku sa yaro ya ɗauke ku a waya daga gaba da kuma gefe, ku tura wa wanda ya sani ta WhatsApp ya yi muku gyara. Ku tsaya a sama, kada ku kwaikwayi saukowar ƴan gasa masu kayan siliki.

Nawa ya kamata mu biya?

Babu tsayayyen farashi. Malami ya cancanci haƙƙinsa, da kuɗin motarsa da abincinsa idan daga nesa yake zuwa, kuma idan mutum goma suka yi karo-karo abin ba ya nauyi. Ku yi ciniki a fili gaban shaidu, ku biya wata-wata ko zuwa-zuwa. Kada ku ba da kuɗin shekara a dunƙule. Kada kuma a ce sai kun sayi riga ta musamman ko takobi ko wani garin magani. Riga da wando masu walwala sun isa. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa wanda ya kama ƙafa ake so, silifas yana zamewa, gara ma a yi ba takalmi idan filin a share yake.

Da azumi da zafin bazara da aikin damina fa?

Malamin da ya san inda yake zai daidaita. Da bazara muna gamawa kafin rana ta ɗaga, kowa da gorar ruwansa. Da azumi muna rage tsawon lokaci, masu suga da tsofaffi sosai kuma su koma yi bayan an sha ruwa. Da hunturu muna jinkirtawa har ƙura ta ɗan lafa, mu tsawaita ɗumama jiki, masu asma su yi a cikin zaure. Da damina kuwa kowa yana gona, ba wanda zai zo, sai mu ce kowa ya yi minti goma a gida kafin ya saɓa fartanya, mu haɗu ranar Juma'a da safe.

Bayan wata nawa zan san ko malamin ya yi ko bai yi ba?

Ku ba shi wata uku, sau biyu a mako, kuna kuma ɗan yi a gida. Kafin ku fara, ku gwada Baba da abubuwa uku ku rubuta a takarda: sau nawa zai iya tashi daga kujera ya zauna cikin rabin minti ba tare da ya dafa ba, daƙiƙa nawa zai tsaya da ƙafa ɗaya a gaban ɗaya yana kusa da bango wani yana tsaye gefensa, da kuma yadda yake miƙewa daga zaman tahiya. Bayan wata uku ku sake gwadawa. Idan lambobin sun ɗan motsa, gaɓoɓi ba su ƙara ciwo ba, kuma Baba da kansa yake tambayar yau ba ranar zuwa ba ce, ku riƙe malamin nan da kyau. Idan gwiwa ta fi dā ciwo, kun faɗa masa sau biyu bai canza komai ba, ku biya shi abin da yake binku, ku gode masa, ku kai Baba wurin masu gashi su duba gwiwar kafin ku nemi wani.